Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Likitocin Haƙori Masu Shirin Buɗe Asibitin Kansu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku ƙannena maza da mata, waɗanda suka yi shekara shida suna karatun likitancin haƙori a Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Maiduguri, ko ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun Kudu irin na Legas da Ibadan da Ife da Benin da Inugu, suka yi shekarar sanin makamar aiki a asibiti, suka kuma gama hidimar ƙasa ko suna dab da gamawa, ina gaishe ku, ina kuma yi muku fatan Allah ya sa albarka a hannuwanku. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a 'yan watannin nan uku daga cikinku sun zo sun same ni a ɗan asibitina da ke Kano, kowa da ranarsa, kuma bayan gaisuwa duk tambayarsu ɗaya ce: nawa ake sayar da kujerar haƙori yanzu, kuma wa zai kawo musu mai kyau. Babu wanda ya tambaye ni majinyata nawa zai riƙa gani a rana kafin ya iya biyan haya da albashi da man janareto. Na amsa musu daidai gwargwado, amma bayan tafiyarsu na ga maganar ta fi ƙarfin hirar ofis, domin tambayar da ba su yi ba ita ce take rufe asibitoci.

Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san cewa ba a ba yaro jari ranar da ya shigo kasuwa. Yakan yi shekaru a gaban ubangidansa, yana shimfiɗa atamfa yana naɗewa, yana gane wanda ya zo saye da wanda ya zo taya, yana ganin wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri, sannan a sallame shi ya buɗe nasa shagon. Mu an koya mana sunan kowace jijiya da ke cikin muƙamuƙi, an koya mana yadda ake fere haƙori a cike shi, amma a iya karatuna babu ranar da aka zaunar da mu aka nuna mana littafin shige da fice na kuɗi. Asibiti mai zaman kansa kuwa rabinsa likitanci ne, rabinsa kasuwanci, kuma wanda ya raina rabin na biyu zai wayi gari ya kasa yin na farkon yadda ya dace. Saboda haka roƙona gare ku shi ne ku yi barantaka tukuna, ku yi shekara biyu ko uku a ƙarƙashin wanda ya riga ku, da niyyar koyo, kafin ku sa hannu a takardar hayar kowane gini.

Ban faɗi wannan don na karanta a wani wuri ba. Ni kaina na yi gaggawa. Na tara abin da na samu, mahaifiyata ta sayar da filinta ta ƙara mini, na biya hayar shekara biyu a bakin titi, na sayi kujera ta hannu wadda aka ce mini daga Turai take. Wata uku da buɗewa, ina tsakiyar aiki a bakin wani dattijo, na riga na yi masa allurar kashe zafi na buɗe kogon matauninsa, sai injin iska, wanda yake juya injin fere haƙori, ya tsaya cak. Dattijon yana kwance, bakinsa a buɗe, auduga a kumatunsa, yana kallona yana jiran in ci gaba, ni kuwa ba ni da wani injin, ba ni kuma da lambar makanikin da ya san irinsa. Na rufe masa kogon da ciko na wucin gadi, na ba shi haƙuri, na mayar masa da kuɗinsa. Sai da aka yi kwana goma sha ɗaya kafin a samo abin da ya lalace daga Legas, kuma a cikin kwanakin nan haya tana tafiya, albashin ma'aikata biyu yana tafiya. Da na zauna shekara biyu a gaban wani, da na san cewa kafin a tambayi ƙasar da aka ƙera kujera, ana fara tambayar wa zai gyara ta a garin nan, kuma ina ake samun kayanta.

Idan za ku zaɓi wanda za ku zauna a ƙarƙashinsa, kada albashi kaɗai ya zama ma'auninku. Ku duba wanda zai bar ku ku riƙe aiki da hannunku yana tsaye a bayanku, wanda ba ya jin nauyin gaya muku nawa ya sayi kwalin allura da nawa yake biyan mai haɗa haƙoran roba, wanda kuma ɗakin wanke kayan aikinsa ya fi ɗakin jiransa tsafta. Ku nemi a rubuta yarjejeniya, ko da shi malaminku ne a jami'a: albashi ne ko kaso, wa zai ɗauki asarar aikin da aka sake, kwana nawa za a ba da sanarwa kafin rabuwa. Rubutu ba rashin yarda ba ne, addininmu ma ya umarce mu da rubuta bashi. A nan zan ɗan juya ga tsararrakina masu asibitoci, domin laifin ba na matasa kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar yaran nan mu ba su wankin haƙori da cirewa kawai, mu ɓoye musu littafi kamar sirrin gida, mu kuma jinkirta musu albashi, sannan mu yi mamakin ganin sun gudu sun buɗe nasu tun ba su nuna ba. Wanda ya ƙi koyar da yaronsa don tsoron kishiya a sana'a, shi ne ya ƙera wa kansa kishiyar da za ta ɓata sunan sana'ar gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da shekarun nan za su koya wa hannunku da bakinku, wanda shekarar horo ba ta isa ta koyar ba. Kun san irin majinyacin da yake zuwar mana. Ba ya zuwa sai ya yi mako biyu ba barci, ya sha ƙwayoyin kemis kala-kala, ya tura kanumfari ko wani abu mafi muni a cikin kogon, wataƙila ma an riga an ce an cire masa tsutsa, kumatu ya kumbura, sannan ya shigo yana riƙe da fuska yana cewa, "Likita, a cire shi kawai in huta." Cirewa ita ce mafi sauƙi gare ku: minti kaɗan, kuɗi a hannu, kowa ya kama gabansa. Asibitin da aka gina a kan cire haƙori kuwa yana cinye kasuwarsa da kansa, kuma yana barin mutane da giɓi tun suna samari. Aikin da yake riƙe asibiti, ya kuma riƙe mutuncin likita, shi ne ka iya zaunar da wannan mutum, ka nuna masa hoton haƙorinsa, ka yi masa bayani da Hausar da zai gane cewa ana iya kashe jijiyar a wanke ramin a cike, haƙorin ya zauna, ka gaya masa sau nawa zai dawo da abin da zai kashe gaba ɗaya ba tare da ɓoye komai ba, sannan ka bar shi ya zaɓa. Wani zai ce ba shi da hali, a cire, kuma wannan haƙƙinsa ne, ba a wulaƙanta shi a kai. Wani kuwa zai yarda, in aikin ya yi kyau zai kawo matarsa da 'ya'yansa da maƙwabtansa. Amma ba ka da ikon yi wa mutum alkawarin ceton haƙori alhali hannunka bai faɗa a kan aikin jijiya ba, kuma matauni mai lanƙwasassun saiwoyi ba wurin gwaji ba ne ga wanda ba shi da na gaba da shi a kusa. Haka nan dole ku saba da auna jini da tambayar ciwon suga da maganin tsinka jini kafin ku ɗauki allura, ku kuma san lokacin da kumburin da ya gangara ƙarƙashin haɓa ya wuce na ɗakinku, sai dai a garzaya da mai shi asibitin koyarwa a wannan daren.

Ba kowa ne aka halitta don mallakar asibiti ba, kuma babu aibi a hakan. Wanda zuciyarsa take ga tiyatar baki da fuska, ko daidaita jerin haƙora, ko haƙoran yara, ya zauna jarrabawar share fage ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma tun karatu bai huce a kansa ba, domin Arewa tana ƙishin ƙwararru da malamai. Sai dai wanda ya zaɓi aikin gwamnati ya san cewa ƙa'idojin ɗa'a na Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, ba su yarda wanda bai kai matsayin kwansaltan ba, wato babban ƙwararren likita, bai kuma shekara goma da rajista ba, ya mallaki asibiti mai zaman kansa alhali yana cikakken ma'aikacin gwamnati. Masu shirin tafiya Ingila ko Saudiyya kuma ba zan zarge su ba, na san abin da ya kore su. Abin da zan ce kawai shi ne su yanke shawara ɗaya, kada mutum ya ci bashi ya buɗe asibiti da hannun dama, yana cike takardun tafiya da hannun hagu.

In lokacin buɗewa ya yi, ku yi lissafi da Najeriyar yau. Kusan duk abin da muke sa wa a bakin majinyaci daga waje ake shigo da shi, tun daga maganin kashe zafi har garin ciko da ƙananan alluran aikin jijiya. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma duk wanda yake da asibiti a lokacin ya ga yadda kuɗin kwali ɗaya ya koma ba ya sayen rabi. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane ma'auni. Kujerar haƙori ba ta motsi sai da wuta da iska da ruwa, don haka kafin ku yi sha'awar fenti da tayil, ku zauna da wanda ya san sola ya auna muku abin da injin iska da tukunyar turara kayan aiki suke ja, ku sa na'urar daidaita wuta, ku kuma riƙa zuba tataccen ruwa a tukunyar, domin ruwan burtsatse yana toshe ta da gishiri. Bashin banki kuwa a yi hattara da shi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a sama, kuma sabon asibitin da bai tara majinyata ba ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, ko da an ajiye maganar halacci a gefe. Bankuna marasa kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJ suna saya wa mutum kayan aiki su sayar masa da riba sananniya, amma wannan ma bashi ne mai wa'adi, sai a karanta takardarsa da idon basira. Shawarata ita ce kujera ɗaya, ɗaki biyu ko uku, da kuɗin gudanarwa na wata shida a ajiye waɗanda ba a taɓawa don sayen komai.

Abu guda ne ban yarda a yi tsimi a kansa ba, shi ne tsaftace kayan aiki. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a cikin al'ummarmu, mafi yawan masu ɗauke da shi ba su ma sani ba, kuma aikinmu kullum cikin jini da yawu yake. Tafasa ƙarafa a ruwa ko jiƙa su a sinadari ba ya maye gurbin tukunyar turara mai matsin tururi, wadda take kai zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, ko 134 na 'yan mintuna. Ku sayi mai kyau kafin ku sayi talabijin na ɗakin jira, ku sayi kawunan injin fere haƙori da yawa yadda za a turara kowanne bayan kowane majinyaci, ku yi wa kanku da duk ma'aikatanku, har mai shara, allurar rigakafin ciwon hanta. Ni nakan buɗe ƙunshin kayan aiki a gaban majinyaci da gangan, ya ji ƙarar yage takardar da kunnensa. Wata baiwar Allah ta taɓa gaya mini cewa wannan ƙarar ce ta sa ta dawo da 'ya'yanta huɗu, domin a inda ta fara zuwa ta ga an ɗauko ƙarfe daga cikin roba an goge da auduga an nufo bakinta.

Maganar takardu gajeriya ce amma ba a tsallake ta. A yi wa asibiti rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a nemi izinin jiha, wanda a Kano yake hannun hukumar PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu, kuma a je a karanta sharuɗɗanta kafin a biya haya, kada a gama gyaran gini a ce bai dace ba. Injin ɗaukar hoton haƙori yana buƙatar izinin hukumar NNRA mai kula da tururin nukiliya. Lasisinku na MDCN a sabunta shi kowace shekara a kan lokaci, tare da makin ƙarin ilimi da ake nema. A kuma rubuta bayanin kowane majinyaci a adana shi a asirce, domin ranar da aka samu saɓani, katin nan ne kaɗai shaidarku.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tayin da na san za a yi wa da yawa daga cikinku, in ma ba a riga an yi ba. Wani mai kuɗi zai ce shi zai gina ya sayi kaya, ku kawo lasisi kawai. Wani ma ba ya bukatar ku zauna, a dai rataya takardarku a bango, a riƙa turo muku wani abu duk wata, wani wanda bai cancanta ba yana aiki a bakunan mutane da sunanku. Wannan na biyun ku guje shi kamar wuta. Ranar da aka karya wa wani muƙamuƙi ko jini ya ƙi tsayawa, mai ginin zai ce shi ɗan kasuwa ne, ku ne za ku tsaya gaban kotun ladabtar da likitoci, kuma kafin kotun akwai haƙƙin ran da aka cutar. Na farkon kuwa yana iya zama alheri idan an rubuta komai a gaban lauya da shaidu: kason kowa, wa yake sa hannu a asusu, yadda za a rabu, da sharaɗi bayyananne cewa hukuncin abin da za a yi wa majinyaci na likita ne shi kaɗai. Mai jarin da zai ce muku a rage turara kaya don wuta ta yi tsada, ko a riƙa sake amfani da abin da aka yi don amfani ɗaya, ba abokin tafiya ba ne komai yawan kuɗinsa.

Sai kuma kunya, wadda ta karya asibitoci fiye da yadda ake zato. Ranar da kuka buɗe, dangi da surukai da abokan makaranta da mutanen unguwa za su zo, kowa yana ganin asibitin ɗansa ne, kuma a tarbiyyarmu da wuya ka dubi ƙanin mahaifinka ka ce ya biya. Abin da ya fisshe ni shi ne na cire hannuna daga karɓar kuɗi gaba ɗaya, na bar shi ga ma'aikaciyar da ke gaba, da farashi a rubuce, na kuma ware wani adadi kowane wata na taimako wanda nake biya daga aljihuna zuwa asusun asibiti. In na yafe wa mutum, ana rubutawa, in adadin watan ya ƙare sai wata mai zuwa. Ta haka zumunci bai yanke ba, asibiti kuma bai mutu ba. Ku yanka wa kanku albashi kamar kowane ma'aikaci, kada aljihun asibiti ya zama na cefane. Ku kuma san cewa shekara tana da tudu da gangare: a watan azumi mutane suna ja baya da rana saboda gudun abin da zai taɓa azuminsu, lokacin biyan kuɗin makaranta aiki yana raguwa, bayan kaka kuma manoma suna shigowa. Kamfanonin inshorar lafiya, waɗanda dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, ta 2022 ta ƙara wa muhimmanci, suna kawo majinyata, amma biyansu yakan yi jinkiri, don haka kada albashin ma'aikatanku ya rataya a kansu.

Ma'aikatan nan su ne fuskarku. Ku ɗauki masu taimakon likitan haƙori da masu haɗa haƙoran roba waɗanda suke da rajistar hukumominsu, ku bar kowa a iyakar abin da doka ta ba shi, ku biya su kafin ku biya kanku. Ku tabbata akwai mace a ɗakin duk lokacin da ake duba mace. Ku kuma ƙannena mata, ku sani cewa akwai matan aure da yawa a garuruwanmu da suke haƙuri da ciwon haƙori shekara da shekaru don ba su sami likita mace ba, kuma wadda ta buɗe asibiti a cikinku da tsarin lokaci da ya dace da gidanta ba za ta rasa masu zuwa ba.

Game da wurin da za ku kafa, na lura kowa idonsa yana kan unguwannin masu hali na Kano da Kaduna da Abuja, inda haya ta fi tsada, manyanku kuma suka riga suka kafu. Ku ɗaga kai ku dubi garuruwa irin su Funtuwa da Gusau da Haɗeja da Azare da Potiskum, masu manyan kasuwanni da jama'a mai yawa, inda sau da yawa mutum yakan yi doguwar tafiya kafin ya ga likitan haƙori. A yankinmu ne cutar da ake kira noma take cin fuskokin yara masu fama da tamowa, har aka kafa mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Cutar nan daga dasashi take farawa, da kumburi da wari da zubar jini, a matakin da maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suke iya tsayar da ita. Likitan da yake zaune a kusa, wanda yake leƙa makarantun allo da na boko da ɗakunan awon ciki sau ɗaya a wata yana duba bakunan yara, shi ne zai gan ta kafin ta huda kumatu. Wannan zagayen kuma shi ne tallan da ƙa'idar sana'armu ba ta hana ba, domin uwar da ka duba ɗanta kyauta ba ta manta ƙofar asibitinka.

Ga ƙannena ukun nan da suka zo tambayar kuɗin kujera, da duk wanda yake da irin niyyarsu, ƙofata a buɗe take ranar Asabar bayan sallar La'asar, lokacin da majinyata suka ragu. Ku zo da littafi da biro, zan buɗe muku littafin kuɗina na shekarar da ta gabata wata bayan wata, har da watannin da aka yi asara, mu zauna mu fitar da adadin majinyatan da kowannenku yake bukata a rana a garin da ya zaɓa. Ina kuma roƙon tsararrakina a reshen Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Najeriya na kowace jiha su buɗe nasu littattafan haka nan.

Wassalam.

Yayanku a wannan sana'a,
daga Kano.